Godiya a gidan makoki ba ta hana kuka, ba ta kuma buƙatar bashi

Akwai wata al'ada da ke shigo mana sannu sannu cikin jama'ar Kirista na garin ga namu na Maradi, kuma ni dai ina ganin ya kamata mu zauna mu yi maganarta tun ba ta zama doka ba. Mutum ya rasu, maimakon a yi mishi sutura a kai shi makwancinshi, sai a kai gawa likita a aje, a kafa kwamiti, a buɗe gurup na WhatsApp, a fidda anko, a buga tiriko da hotonshi, a yi hayar rumfa da kujeru da sono, a sa rana nan da sati biyu ko uku, a ce ai mu ba makoki za mu yi ba, bikin godiya za mu yi don rayuwarshi. Wanda ya ɗaga murya ya ce anya kuwa, sai a ce mishi bangaskiyarshi ce ta yi ƙasa, ko kuma rowa ke damunshi. Matar marigayi kuwa in hawaye ya zubo mata sai ka ji wata daga gefe na cewa haba Mama, ki daina mana, kar ki ba mu kunya gaban mutane, ai Baba na wurin Ubangiji.

Ni ba ni da faɗa da godiya ko kaɗan, hasali ma ita nike karewa. Kirista da ya rasa nashi yana da dalilin da zai ɗaga hannu ya ce Allah na gode, na gode da ka ba ni wanga uba shekara kaza, na gode da mutuwa ba ita ce ƙarshen maganarshi ba. Bulus ya rubuta wa Tasalonikawa cewa a yi godiya cikin kowane hali, kuma bai cire ranar rashi daga ciki ba. Ayuba a rana guda anka kawo mishi labarin mutuwar ɗiyanshi goma, ya ce Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa, ya yabi sunan Ubangiji. Wannan namu ne, ba aro munka yi ba. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda munka fara auna godiyar da yawan buhun shinkafa da ƙarar sono, munka kuma maida ta sandar da ake bugun mai kuka da ita.

Mu fara da kukan, don shi ne ya fi mini zafi. Dan Allah mu koma mu karanta wanga wuri na Ayuba da muke yawan jawowa a jana'iza, sura 1 aya 20 da 21. Kafin ya furta kalmar yabo sai da ya tashi ya yage rigarshi, ya aske kanshi, ya faɗi ƙasa. Abokanshi uku da sunka zo gaisuwa sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce mishi komi, saboda sun ga girman ciwon. Mu kuwa aya 21 muke ɗauka mu bar aya 20 a baya. Haka 1 Tasalonikawa 4:13, da kusan kowane fasto ke karantawa bakin kushewa, ba ta ce kar ku yi baƙin ciki ba ta yi shiru, cewa ta yi kar ku yi shi irin na waɗanda ba su da bege. Wato akwai baƙin ciki na mai bege, kuma halal ne gare mu. Isra'ilawa sun yi kukan Musa kwana 30 a filayen Mowab. Da anka jefe Istifanas, Ayyukan Manzanni 8:2 ta ce mutane masu tsoron Allah ne sunka bizne shi sunka yi mishi makoki mai yawa, kuma fa wanga mutum ne da ya ga sama a buɗe kafin ya cika, babu mai shakkar inda ya tafi. Sai babbar hujja, Yesu da kanshi a Betanya, ya san nan da ɗan lokaci kaɗan zai kira Li'azaru ya fito da ƙafarshi, amma da ya ga Maryamu ƴar'uwar Li'azaru na kuka shi ma ya yi hawaye, har mutanen wurin sunka ce ku dubi irin ƙaunar da yake mishi. To in Mai tada matattu ya yi kuka a bakin kabari, wane ne ni da zan cewa tsohuwar da ta yi shekara arba'in da mijinta ta share ido ta tashi ta taka rawa don masu ɗaukar bidiyo?

Na san abin da ke sa wasu shugabanninmu na yin haka, kuma niyyarsu ba muguwa ba ce. Mu ƴan kaɗan ne a ƙasar ga, ƙidayar 2012 ta nuna fiye da kashi 99 cikin 100 na mutanen Nijar Musulmi ne, don haka ranar jana'iza na daga cikin ranakun da maƙwabta da abokan kasuwa da dangi ke shigowa cikinmu su ji abin da muke faɗi. Fasto na son su ga cewa muna da bege. Da kyau. Amma maƙwabcinka ba yaro ba ne, ya san murmushin dole in ya gan shi. Abin da ke taɓa zuciyarshi shi ne ya ga mace na hawaye kuma bakinta na cewa Allah na gode, duka biyun a lokaci ɗaya ba ƙarya a ciki. Kuma mutanenmu sun iya wannan tun asali, kowa ya san in ka je gaisuwa ka ce ya ƙarin haƙuri, amsar da za a ba ka da godiya ce, ido jajir. Wanda anka hana shi kuka ranar bizo ba warkewa ya yi ba, cikin dare zai yi shi shi kaɗai bayan kowa ya watse, ko kuma ya fito mishi ta hawan jini, ko ya fara ƙin zuwa sujada ba wanda ya san dalili.

Sai maganar aje gawa. Wannan ba al'adar Bahaushe ba ce, Kirista ko Musulmi, kuma iyayenmu na farko cikin bangaskiya ba su yi ta ba. Mun gan ta ne wurin ƴan'uwanmu na kudancin Najeriya da Benin da Togo da Gana da ke zaune tare da mu muna sujada tare, kuma ni ba na zaginsu, su suna da dalilinsu, da yawansu sai an kai mutum garinsu an bizne shi cikin ƙasar kakanninshi, dangi sai sun taru daga nesa, tsarin zumuncinsu an gina shi a kan haka tun da daɗewa kuma sun san yadda suke raba nauyin. Mu ne munka ɗauko rigar ba mu duba ko ta yi mana daidai ba. Garin da a watan Afrilu da Mayu zafi ke wuce digiri 40, garin da wutarshi daga Najeriya take zuwa, duk mun tuna yadda anka yanke ta a watan Agusta na 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, anka yi watanni ana fama, iyaka a rufe ta Ɗan Isa ba shiga ba fita sai ta daji. A irin wanga wuri aje jikin mahaifinka sati uku ba girmamawa ba ne, kasada ce, kuma kowace rana kuɗi ne ke tafiya. Ga iyali sun rataye, ba su yi bizo ba bare su fara haƙuri, gida cike da baƙi ana dafa abinci safe da dare, ɗiyan ba lakwal, mai shago ya rufe shago.

Za a ce mini to ɗanshi na fari na Yamai, ko Abija, ko Faransa, a bizne uban bai gani ba? Wannan magana ce mai nauyi kuma ban raina ta ba. Daga Yamai zuwa nan tafiyar yini ce a mota, wanda ke can in an jira shi kwana ɗaya ba laifi. Amma na nesa da sai ya nemi izinin aiki da kuɗin jirgi, ni ina ganin ƙauna ce gare shi ya ce ku kai Baba, ina nan tafe. Marta da Maryamu sun aika wa Yesu cewa Li'azaru ba lafiya, ba su da aminin da ya fi shi, amma da ɗan'uwansu ya cika ba su aje shi jiran kowa ba, lokacin da Yesu ya iso ya riga ya kwana huɗu a kabari. Ubangijinmu shi kanshi ranar da ya mutu anka sa shi a kabari kafin Asabar ta shiga. E, na san da labarin Yakubu a Farawa 50, an yi kwana 40 ana gyaran jikinshi da magani, Masarawa sun yi kukanshi kwana 70, anka ɗauke shi har Kan'ana da karusai da mahaya. Sai dai Yusufu da ya yi wannan shi ne na biyu ga Fir'auna a duk ƙasar Masar, kuma alkawari ne ya ɗaukar wa ubanshi da rantsuwa. Ba a ce ya saida gona ko ya bar ƙannenshi da bashi ba.

Bashin nan shi ne ainihin inda abin ke lalacewa. Ku lissafa da kanku, akwatin gawa mai ƙyalli, turamen anko, tiriko, takardar shiri mai launi da hotuna, hayar rumfa da kujeru, sono da janareta da mai, mai foto da mai bidiyo, shinkafa da nama da lemu da fiya wata na ɗaruruwan mutane, kuɗin ɗakin aje gawa, motar ɗaukar mutane zuwa kusheyi. Attajiri zai yi duk wannan bai ji a jikinshi ba. Matsalar ita ce cikin ikilisiya ƙarama kowa na ganin kowa, in an yi wa dattijo wane haka a watan jiya, to ɗiyan mai gadi ko na birkila in nasu uban ya rasu a wanga wata sai su ji in ba su yi kwatankwacin haka ba sun wulaƙanta shi. Sai a kwashe adashin uwar, a saida akuyoyinta da take kiwo, a jinginar da fili, a karɓi kuɗi hannun ɗan kasuwa sai kaka a biya da hatsi. Rana ɗaya ake ci a watse. Bayan wata biyu ka je gidan ka tarar ana auna tiya ɗaya don kwana biyu, watan Oktoba ya zo an koma lakwal babu kuɗin littafi bare na makaranta, kuma cikin waɗanda sunka sa anko ranar nan da wuya ka samu biyar da sunka sake taka ƙofar gidan.

Abin da ya fi ban takaici, sau da yawa kuɗin da ya fito cikin kwana uku don biki, shi ne anka nema anka rasa lokacin da mutumin ke kwance. An rubuto magani an kasa saye, an ce a kai shi asibitin Galmi ko Yamai an ce ba hali, an sa a gurup mutane sun turo hannun addu'a sun yi shiru. Ya cika, sai ga kotizasiyo na zuba. Masu son kare kashe kuɗi na kawo labarin matar nan da ta fasa tulun turare mai tsada, wanda anka ce ya fi dinari 300, ta zuba wa Yesu a Betanya, ya kuma ce ta shirya jikinshi don jana'iza. Gaskiya ne, amma ku duba da kyau a Markus 14, yana da rai ta yi mishi, yana zaune yana cin abinci, ya ji ƙamshin da hancinshi. Nikodimu ma da ya kawo mur da alos mai yawa ranar bizo, mutum ne mai hali, daga aljihunshi ya fidda, bai aza wa Maryamu uwar Yesu ko sisi ba. Mai hali da ke son ya girmama nashi ya yi, ba na hana shi, amma ya tuna da idon talaka da ke kallonshi daga bencin baya.

To in ba haka ba, yaya za mu yi godiyar? Ni wurin da na fi so a duk Littafi Mai Tsarki kan wagga magana shi ne Ayyukan Manzanni sura 9, labarin Tabita ta garin Yafa, wadda ake ce ma Dokas. Ta rasu, anka wanke ta anka kwantar a ɗakin bene, anka aika Lidda a kira Bitrus. Da ya shigo, gwauraye sunka kewaye shi suna kuka, suna nuna mishi riguna da tufafin da ta ɗinka tun tana tare da su. Ku duba abin da ke cikin wanga ɗaki. Akwai kuka, ba wanda ya hana su. Akwai godiya, amma ba ta baki kawai ba irin ta “Mama mutuniyar kirki ce” da muke ji a kowace jana'iza har ba ka iya bambanta ta wane da ta wance, godiya ce da ake riƙewa a hannu, ga rigar, ni ta ɗinka ma, lokacin da ba ni da ta sawa. Wannan ita ce shaidar da nike so in riƙa ji a majami'unmu. A faɗi abin da Allah ya yi ta hannun mutumin, da wuri da lokaci, wanda anka yi ma shi ya tashi da bakinshi.

Na ga an yi haka ga goggona, ƙanwar babanmu, kuma shi ya sa nike da ƙarfin gwiwar cewa yana yiwuwa. Ta rasu cikin damina da asuba, kafin la'asar an kai ta, ƴan zumuntar mata ne sunka yi mata wanka da sutura, samarin ikilisiya sunka gina kushewa, maƙwabta Musulmi sunka cika ƙofar gida ana karɓar gaisuwa a kan tabarmi kamar yadda kowa ya saba. Sai bayan kaka, da hatsi ya shigo gida kuma na nesa sunka samu zuwa, anka sa wata Lahadi bayan sujada anka taru a tsakar gidanta, fura da ƙosai kawai anka yi. Baba Fasto ya yi addu'a ya karanta Zabura 90, ya ce to wanda ke da abin da zai gode ma Allah a kan baiwar Allah nan ya tashi. Mun zaci mu dangi mun san ta. Sai ga wata tsohuwa maƙwabciyarta, Hajiya ce, ta ce ita ba za ta iya tsayuwa ba amma za ta yi magana daga zaune, ta ce shekarar yunwar El Buhari da mijinta ya tafi cin rani bai aiko ba, goggo ce ke raba tuwonta biyu ta miƙo ta kan danga da dare don kar kowa ya gani, har ruwa ya sauka. Wani magidanci ya ce shi ya yi jinya a asibitin kutare na Danja lokacin da ko danginshi ba sa son haɗa kwano da shi, ita ce ke zuwa ta zauna kusa da shi ta ci da shi. Ɗiyanta na cikinta ba su taɓa jin ko ɗaya daga cikin labaran nan ba. An yi kuka ranar sosai, an yi waƙa, an yi dariya da anka tuno faɗanta, kuma abin da mutane sunka kawo na gudummawa anka haɗa anka biya ma jikokinta biyu marayu da take riƙo kuɗin lakwal.

Don haka abin da nike roƙon dattawan ikilisiyoyinmu, na EERN, wato Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, da sauran majami'u duka, shi ne mu raba abu biyu da munka cakuɗa. Bizo daban, taron godiya daban. Bizo a yi shi da wuri, cikin sauƙi, iri ɗaya ga mai kuɗi da talaka, a bar mutane su yi kukansu, a zauna da su kwanakin gaisuwa. Taron godiya kuwa a ba shi lokaci, wata uku ko shida ko shekara, lokacin da zuciya ta ɗan kwanta har mutum na iya tuna alheri ba tare da ƙirjinshi ya toshe ba, lokacin da na nesa zai iya shirya tafiyarshi a natse. Maƙwabtanmu Musulmi na da nasu tsari na sadakar uku da bakwai da arba'in, matar mamaci na takaba wata huɗu da kwana goma, ƴan'uwanmu Katolika na da ranar 2 ga Nuwamba da suke tunawa da matattunsu kowace shekara suna ziyartar kusheyi. Tauhidinmu ya bambanta a kan abin da addu'a ke yi ma wanda ya riga ya tafi, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, mu na bishara ba ma roƙa ma mamaci gafara, mun gaskata aikin Almasihu ya isa. Amma su duka sun gane wani abu da mu muke neman mantawa, cewa rashi ba a gama shi rana ɗaya, mai makoki na buƙatar a sake dawowa gare shi. Mu da munka ce ba mu da uku ba mu da arba'in, sai munka wayi gari ba mu da komi, daga ranar bizo sai shiru.

Kuma kuɗin, in har za a tara, a san inda za shi. Kwamiti na farko da anka taɓa kafawa a tarihin ikilisiya, Ayyukan Manzanni sura 6, mutum bakwai ne anka zaɓa saboda ana manta wasu gwauraye wurin rabon abinci na kullum. Istifanas ɗin nan da na ambata ɗaya ne daga cikinsu. Yaƙub 1:27 ta ce addini mai tsarki shi ne a kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu. To me zai hana duk kwamitin jana'iza da anka kafa, kar a rushe shi ranar bizo, ya zama shi ne kwamitin gidan na shekara guda? Su san ko akwai hatsi a rumbu, su san wane yaro ne ke aji nawa, su tsaya tsakanin matar da dangin miji in an zo maganar gado, don wannan ma wani ciwo ne da muke rufewa, mace ta gama kukan miji ta koma kukan gida da gona, wani lokaci ma masu anko ɗin ne ke zuwa kwasar kaya. In ikilisiya ta iya tara kuɗin sono cikin kwana uku to tana iya tara na buhun hatsi duk wata.

Akwai wani gefen kuma da ke damuna, shi ne tarihi. Bishara ta shigo ƙasar ga ta hannun ƴan mishan na SIM da sunka sauka Damagaram a 1924, kafin shekarun 1920 su ƙare sun zauna Tsibiri nan kusa da mu, an buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, asibitin Galmi ya buɗe a 1950, na kutare a Danja a 1956, daga baya ikilisiya ta tsaya da ƙafarta a hannun ƴan ƙasa, su ma Katolika Maradi ta zama dayosis mai zaman kanta a 2001. Sunayen Turawan mishan na nan a rubuce cikin takardunsu a ƙasashensu. Amma kakanninmu fa, waɗanda sunka fara ba da gaskiya anka kore su daga gida, masu bishara da sunka bi ƙauyuka a ƙasa da jaki da keke, matan da sunka koya ma ƴan'uwansu karatu a gindin bishiya, ungozomomi da masu wankin gyambo a Danja, wa ya rubuta nasu? Na farkon sun tafi, ɗiyansu ne yanzu ke tafiya ɗaya bayan ɗaya, kowane tsoho da munka kai kusheyi ya tafi da abin da ba mai sake faɗa mana. Muna buga takardar shiri mai shafi da yawa cike da hotuna da sunayen kwamiti, tarihin mutumin kuwa layi biyar, an haife shi, ya yi aure, ya haifu, ya yi ciwo, ya rasu. Bayan sati ka ga takardar an ƙunshe ƙosai da ita. Yaya jikoki za su gode ma Allah a kan abin da ba su sani ba?

Wannan gyaranshi ba ya cin ko dala. Kowace majami'a ta sayi babban littafi guda ta aje hannun magatakarda, duk taron godiya a sa matashi mai kyan rubutu ya rubuta shaidun da anka bayar, da sunan wanda ya faɗa da ranar, da Hausa yadda anka faɗe su ba sai an juya su Faransanci ba. Wayoyin da muke ɗaukar bidiyon akwati da su, mu juya su wajen masu ba da shaida. Mafi kyau ma kar mu jira mutuwa, ƴan koral da ƴan zumuntar matasa su raba kansu bibbiyu su riƙa zuwa gidajen tsofaffinmu da yamma, a gaishe su, a ce Baba ko Inna, dan Allah ba mu labarin yadda kunka fara, wa ya yi muku baftisma, a wane ruwa, wace waƙa kuke yi lokacin, me ya faru shekarar yunwa. Tsoho na jin daɗin a tambaye shi, kuma zai ji godiyarmu da kunnenshi.

Na san wasu za su ji zafin rubutun ga, musamman waɗanda ba su daɗe da yin irin wanga biki ma nasu ba, kuma wallahi ban rubuta don in tozarta kowa ba, na san ƙauna ce ta sa kunka yi, da tsoron bakin mutane, kuma mutum ɗaya ba ya iya karya abin da jama'a ta ɗora. Shi ya sa nike cewa daga sama ya kamata ta fito. In majalisar dattawa ta zauna ta ce a majami'ar nan ba a aje gawa fiye da kwana biyu sai da babban dalili, ba anko ba tiriko, akwati iri ɗaya ne kafinta ɗaya ke yi, abinci na baƙin nesa ne kawai, to an sauke ma talaka kaya, don in an tambaye shi sai ya ce dokar ikilisiya ce. Kuma mai kuɗi na farko da zai yarda a yi ma mahaifinshi haka, ya juya sauran kuɗin zuwa kes ɗin gwauraye, shi ne zai buɗe ma saura hanya. Ina roƙon iyayenmu fastoci da shugabannin zumuntar mata su sa maganar cikin ajandar taronsu na gaba, a kira matan da sunka rasa mazansu cikin shekarun nan a zaunar da su gaba, a tambaye su nawa anka kashe, nawa ya rage musu na bashi, da wa ya leƙo su bayan wata uku, sannan a yanke shawara.